Imrana Direba da Sunan Ɗan Juwairiya

Duk wanda ya yi karatun lauya a jami'ar nan ta Lafiya cikin 'yan shekarun nan ya san Imrana. Ko bai riƙe sunansa ba, ya san farar bas ɗin da yake ja, wadda sai an ɗan ɗaga ƙofarta sama kafin ta rufu. Mutumin Shabu ne, Bagwandare, ɗan fari a gidansu. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba ya son hula, ba ya kuma son a taɓa masa madubin mota. Karatunsa ya tsaya a aji uku na sakandare, shekarar da ciwon ƙafa ya kwantar da mahaifinsa, gona ta dawo wuyansa. Daga baya ya koyi tuƙi, ya yi shekara takwas yana jigilar doya zuwa Jos da Kano, kafin jami'a ta ɗauke shi aiki.

Akwai abu ɗaya da ba kowa ya sani game da shi ba: yana jin Fulatanci kamar a ruga aka haife shi. Mahaifinsa yana da 'yan shanu huɗu da ya ba wa Fulanin da ke zaune bayan gonarsu kiwo, Imrana kuwa tun yana ƙarami can yake wuni. Da 'ya'yansu ya yi wasan ƙasa, a ƙwaryarsu ya sha nono.

Cikin ƙungiyoyin ɗalibai da yake ɗauka, akwai wadda sauran direbobi suke gudu, wato ƙungiyar masu nazarin dokokin ƙasa da ƙasa. Su ne masu zuwa gasar kotun gwaji a Abuja da Ilorin, sanye da baƙi da fari, kuma daga tashi har sauka ba sa yin shiru. Sukan ƙirƙiri ƙasashe biyu da babu su a duniya, su ce wannan ta tare wa waccan kogi, ko ta kori baƙi daga iyakarta, sai su rabu gida biyu su yi ta musu har jijiyar wuya ta fito. Imrana shi kaɗai yake jin daɗin abin. Yakan rage rediyo ya saurara, wani lokaci ma ya sa baki da Hausa, ya ce ai ƙasar da ke sama da kogi ita ce mai laifi, ko a Shabu haka ake yanke wa masu fadama. Tun daga nan suka laƙaba masa Barista. Yana so, ko da yake yakan nuna kamar bai damu ba.

Shekara tara ke nan da abin ya faru. Da damina ne, doya ta yi ganye, rikici ya tashi a wani ƙauye can bayan Assakio. Shanu sun shiga gonaki, aka yi cacar baki, aka sari wani manomi a hannu. Bayan kwana biyu samari suka hau mashina suka je suka ƙone rugage uku, daga nan aka yi ta ramuwa har sati ya zagayo. Mutane suka watse. Manoma suka cika wata firamare, Fulani kuma suka yi bukkokin leda a ƙarƙashin bishiyoyin mangwaro a gefen gari. Manomin da aka sara kawun Imrana ne, ƙanen mahaifiyarsa. A gidan kawun kuma ƙanen Imrana yake zaune, Lukman, yana taya shi noma yana kuma acaɓa ranar kasuwa.

Shugabar ƙungiyar a lokacin wata ɗaliba ce 'yar Akwanga mai suna Francisca, siririya, mai saurin magana. Ita ta tsaya a gaban 'yan ƙungiya ta ce sun gaji da ƙasashen ƙarya alhali ga mutane na gaske an raba su da gidajensu a bayan garinsu. Ta ce akwai yarjejeniyar da ƙasashen Afirka suka sa wa hannu a Kampala kan irin waɗannan mutane, ya kamata su je su ji daga bakinsu, su rubuta rahoto. Malaminsu ya ba su takarda, aka ba su mota, aka ba su Imrana.

Kwana biyun farko a firamaren suka yi. Mataimakin Francisca, wani ɗan Tibi mai suna Sesugh, shi ne yake ɗaukar murya a wayarsa, shi ne kuma yake fassara wa masu jin Tibi kawai. Imrana yana jingine da taga ya ga lokacin da wani dattijo ya faɗi abin da samarin Tibi suka yi wa wani makiyayi a bakin rafi. Sesugh ya share fuska da hannun riga, sannan ya fassara duka, bai rage ko kalma ba. A hanyar komawa Imrana ya yaba masa, ya ce haka ake son namiji.

Rana ta uku suka je wajen Fulani. Wanda ya yi alkawarin zai yi musu tafinta bai zo ba, wayarsa a kashe. Mazan suna jin Hausa, aka gama da su kafin azahar. Sai aka ce akwai wata tsohuwa da aka kashe wa ɗa, ita kuma Hausarta ba ta wuce ta cinikin nono ba. Ɗaliban suka fara shawarar a bar ta. Imrana ne da bakinsa ya ce shi zai iya. Wannan yana cikin abubuwan da suka fi damunsa daga baya, cewa ba wanda ya sa shi.

Sunanta Juwairiya. Tana zaune a kan buhu, ta miƙe ƙafafu, ba ta kuka. Ya durƙusa ya gaishe ta da harshenta, ya kira ta Inna, ta ɗago ta dube shi da mamaki, ta amsa. Sannan ta fara. Ta ce da hantsi suka ji ƙarar mashina, kowa ya ruga daji, amma ɗanta na fari ya tuna maruƙa suna ɗaure, ya juya don ya kwance su. Ba ta ambaci sunan ɗan ba ko sau ɗaya, don Bafulatana ba ta kiran sunan ɗan fari, "yaron" kawai take cewa. Imrana yana juyawa zuwa Hausa, Francisca tana rubutawa da Turanci.

Ta ce tana leƙe daga cikin dawa ta ga yaron ya kwance maruƙan ya nufo ta da gudu, saura kaɗan ya shige. Sai wani ya sha gabansa da jan mashin ya tare hanya, sauran suka cim masa da adduna. Ta ce mai mashin ɗin ta san shi sarai, shi yake ɗaukarta da ƙwaryarta zuwa kasuwar Assakio, har takan ba shi fura kyauta. Lukman ake ce masa, mai wushirya, wanda ke zaune gidan mutumin da aka sara. Ta maimaita sunan.

Imrana ya ji kamar an zuba masa ruwan zafi a baya. Bai yi wani dogon tunani ba, bakinsa ne ya riga shi. Ya fassara cewa wasu samari ne a kan mashina suka tare shi, ba ta gane fuskarsu ba saboda hayaƙi.

Francisca ta tsaya da rubutu. "Oga Imrana, na ji ta ce Lukman har sau biyu. Wane ne Lukman?"

"Sunan ɗan nata ke nan," in ji shi. "Marigayin."

Ta rubuta, ta ja layi a ƙarƙashi. Juwairiya kuwa bakinsa take kallo. 'Yar Hausar da take ji ta ishe ta ta gane abin da ya faru. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kira mazan da ke zaune can gefe ba. Ta dai ƙura masa ido na ɗan lokaci, sannan ta ce da Fulatanci, a hankali, "Goshinku iri ɗaya ne da shi."

Sesugh ya tambayi me ta ce. Imrana ya ce ruwa take so. Aka kawo mata leda biyu na ruwa daga mota, ta karɓa ta ajiye a gefe.

A hanyar dawowa Lafiya sau biyu yana kusa da faɗawa rami. Ya gaya wa kansa cewa tsohuwa ce, a firgice take, wataƙila ta yi kuskure. Ya gaya wa kansa cewa rahoton ɗalibai ne, ba kotu ba, ba wanda zai karanta. Ya tuna mahaifiyarsu, Iya Huseina, da hawan jininta, ya tuna shi ya goyi Lukman ya kai shi allurar rigakafi. Duk waɗannan gaskiya ne, amma ko ɗaya bai sa ya iya cin tuwon da matarsa Aminat ta ajiye masa ba.

Rahoton ya fito bayan wata huɗu, an yi masa bango mai kyau. Aka kai shi taron ɗaliban lauya na ƙasa a Abuja, ya samu yabo. A shafin godiya an sa sunan Imrana, an ce ba don shi ba da muryar wata uwa ta ɓata. Suka ba shi kwafi ɗaya a gaban shugaban sashe, aka tafa masa. Turancinsa bai kai ya karanta duka ba, amma ya nemo shafin. Ga shi nan cikin jerin waɗanda suka mutu: Lukman, ɗan shekara ashirin da biyu, makiyayi. Ya ba Aminat ya ce ta ajiye inda yara ba za su taɓa ba. Ita ta ɗauka don darajarsa ne, ta sa shi a ƙasan akwatin kayan aurenta.

Ƙura ta lafa, aka yi zaman sulhu, kowa ya koma harkarsa. Ba a kama kowa a kan rugagen ba. Lukman ya dawo Shabu, ya sayar da jan mashin ɗin ya sayi baƙi, ya yi aure. Da aka haifa masa ɗan fari sai ya sa masa Imrana. Duk Juma'a yakan zo su ci abinci a kwano ɗaya, yana ba da labari yana dariya, wushiryarsa a waje. Imrana bai taɓa tambayarsa ba. Yakan shirya tambayar tun daga masallaci, in sun zauna sai ya ji kansa yana maganar taki ko farashin riɗi.

A wajen aiki ma ya canja, sai dai a hankali, yadda ba wanda ya lura da ranar da abin ya fara. Ya daina rage rediyo. In sabbin ɗalibai sun kira shi Barista yakan ce sunansa Imrana. In aka ce tafiya ta bi ta Assakio yakan nemi wani direba su yi musanya. Matan da ke kawo nono bakin ƙofar jami'a, waɗanda a da yakan tsaya ya yi musu barkwanci da harshensu, yanzu sai ya ɗaga musu hannu daga cikin mota ya wuce.

Francisca da Sesugh suka gama suka tafi, amma rahoton ya zauna. Ya zama abin alfaharin ƙungiyar, kowane sabon shiga sai an ba shi ya karanta. Suka kuma ɗauki wata al'ada: duk shekara, ranar da suka ware don tunawa da 'yan gudun hijira, sukan taru a ƙarƙashin bishiyar da ke gaban sashe, a karanta sunayen mamatan da ke cikin rahoton ɗaya bayan ɗaya, a yi shiru na minti guda. Shekara biyar Imrana yana samun abin da zai kai shi gareji a ranar. A ta shida shugaban ƙungiyar na lokacin, wani mai suna Iorfa, ya zo da kansa ya riƙo hannunsa, ya ce yau dai sai Baba ya tsaya tare da su, tunda da shi aka yi aikin. Ya tsaya a sahun gaba. Wata ɗaliba ta karanto sunaye goma sha ɗaya, na takwas shi ne Lukman. Yara kusan arba'in suka sunkuyar da kai, Musulmin cikinsu suna yi wa ƙanensa addu'ar samun rahama, ƙanen da ya bari da safe yana wanke mashin a ƙofar gida. Shi kuwa wanda aka kashe, ko sunansa Imrana bai sani ba.

Ranar Alhamis ta wannan makon ya je kasuwar shanu. Ya yi ta tambaya har aka haɗa shi da wani tsohon dillali, Modibbo, wanda ya san rugagen wancan yankin gida-gida. Modibbo ya ce ai Juwairiya ta bi 'yan uwanta zuwa wajen Awe tun shekarar rikicin, kuma Allah ya yi mata rasuwa damina biyu da suka wuce. Ɗan nata Musaddik sunansa. Yaro ne mai haƙuri, in ji shi, saura wata biyu a ɗaura masa aure. Ya tambayi Imrana ko ya san su ne. Imrana ya ce sau ɗaya suka taɓa haɗuwa.

Ya samu Lukman a gona ranar Asabar, yana tada kunyar doya shi kaɗai. Bai yi dogon gabatarwa ba, don ya san in ya fara da gaisuwa ba zai ƙarasa ba. Ya ce masa akwai wani Musaddik, ɗan matar da yake kaiwa kasuwa da nono. Lukman ya dasa garma a ƙasa, ya daɗe yana kallonta.

"Ban sare shi ba, Yaya. Wallahi ko adda ban riƙe ba. Mashin kawai na tsayar."

"A gabansa ka tsayar."

Lukman bai musa ba. Ya ce Yaya bai ga hannun Kawu a ranar ba, bai ga yadda naman yake reto ba. Ya ce kowa ya hau mashin, wanda ya ƙi ana kiransa mace. Ya ce bai ma gane yaron ba sai da ya faɗi. Can ya ɗago ya tambayi wa ya gaya masa, tun yaushe kuma ya sani. Da Imrana ya ba shi labarin tsohuwar da abin da ya fassara, sai Lukman ya kama hannunsa biyu yana godiya, yana cewa ashe shi ya rufa masa asiri duk shekarun nan. Godiyar nan ta fi komai yi wa Imrana ciwo. Ya zare hannunsa ya kama hanyar gida.

Sai da ya ƙara wata uku kafin ya iya hawa benen da ofishin Francisca yake, a kan hanyar Jos, saman wani shagon sayar da taya. Ta zama lauya, tana yawan karɓar shari'ar gonaki da ta gado. Ta tashi da murna ta tarbe shi, ta sa aka kawo lemo. Ya ce ta bari tukuna. Ya faɗa mata komai yana kallon tebur, har da maganar ruwan da tsohuwar ba ta roƙa ba.

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta cire tabarau ta riƙe a hannu. Ta ce ta tsaya a gaban mutum ɗari uku a Abuja ta karanta wannan sunan. Ta ce matar ta yi abin da ya fi ƙarfin yawancin mutane, ta faɗi sunan wanda ta gani a gaban baƙi, su kuma suka ba ta ruwan leda. Daga nan ta koma maganar aiki. Wayar Sesugh da aka ɗauki muryar ta daɗe da lalacewa, mai shaida ta rasu, saboda haka abin da ya rage a duniya shi ne bakin Imrana. Ta buga takarda biyu a kwamfuta, ta karanta masa da Hausa. Ta farko tana cewa an yi kuskure a fassara, sunan mamacin Musaddik ne. Ta biyu tana ɗauke da ainihin abin da Juwairiya ta faɗa, da sunan wanda ya tare hanya. Ta gaya masa gaskiya cewa in ya sa hannu a ta biyun ba za ta ajiye ta a durowa ba, za ta kai ta inda ya kamata, kuma ba ta san abin da zai biyo baya ba.

Ya sa hannu a ta farko nan take. Ta biyun ya riƙe biro a kanta, sannan ya ce ta ba shi lokaci. Ta ninke ta ta miƙa masa.

"Ba zan bi ka gida ba, Oga Imrana. Ka san hanyar nan."

Ƙungiyar ta gyara rahoton. Iorfa ya zo ya tambaye shi yadda aka yi kuskuren, ya ce masa laifinsa ne, bai ƙara bayani ba, yaron kuma ya ga girmansa bai matsa ba.

Da rani ya nemi izinin kwana biyu ya tafi wani ƙauye kusa da Doma, inda Modibbo ya ce 'yar Juwairiya, Usaina, take aure. Ya same ta tana daka, ya tsaya daga bakin shinge ya ce shi ne direban da ya yi wa mahaifiyarta tafinta. Ta ce ta sani, Inna ta ba su labarinsa, ta ce ba ta taɓa jin Kaɗo mai Fulatanci irin nasa ba. Ya ce ya zo neman gafara. Usaina ta jingine taɓarya, ta ce ita ba a gabanta aka yi ba, wadda aka yi wa kuma ba ta bar mata saƙon yafiya ko na rashinta ba, don haka ba ta da abin da za ta ba shi. Ta tambaye shi ko mai mashin ɗin yana raye. Ya ce yana raye, yana da 'ya'ya uku. Ta gyaɗa kai, ta ci gaba da dakanta.

Yanzu Imrana yana da shekara arba'in da tara, saura masa 'yan shekaru ya ajiye aiki. Har yanzu shi yake kai ɗaliban gasa, ba a taɓa samunsa da latti ba. Lukman ya koma Mararaba, kusa da Abuja, da iyalinsa yana jan keke mai ƙafa uku, ba ya zuwa sai da salla, in ya zo ma a ɗakin Iya yake cin abinci. Takardar ta biyu tana cikin aljihun gaban motar, tare da lasisi da takardun inshora, duk shingen da aka tsayar da shi sai hannunsa ya taɓa ta. Wani lokaci yakan haɗu da Francisca a gidan mai ko a wajen biki. Takan gaishe shi da ladabi, ta tambayi Aminat da yara, ba ta taɓa tayar da maganar ba.

Iya Huseina ta tsufa sosai, idonta ya yi rauni. Kwanan baya yana yanke mata farce a tsakar gida ta tambaye shi me ya shiga tsakaninsa da ƙanensa. Ya ce babu komai, hidima ce ta yi wa kowa yawa. Ta ce to, Allah ya sa haka ne, ta miƙo masa ɗaya hannun.